Iyakar da ke Tsakanin Almara da Ƙagaggen Labarin Kimiyya

Malaman tauhidi sun kasa hukuncin hankali gida uku, wajibi da mustahili da ja'izi, kuma wanda ya riƙe wannan rabo ba zai sha wuya ba wajen fahimtar muhawarar da masana adabi suka daɗe suna tafkawa a kan ƙagaggen labarin kimiyya. Abin al'ajabi kaɗai bai isa ya raba shi da almara ba, domin aljanin da ya sure mutum zuwa Bagadaza cikin dare guda, da kumbon da ya kai shi duniyar wata, duka sun saɓa wa al'ada. Bambancin yana wajen sababi. Mai almara ba a tambayarsa hujja, amma marubucin kimiyya ya ɗaukar wa kansa alkawarin cewa abin da ya ƙaga yana cikin ja'izi, ko da ilmin zamaninsa bai kai gare shi ba.

Darko Suvin, haifaffen Zagreb wanda ya koyar a Jami'ar McGill ta Kanada, shi ya fi kowa tsare wannan ƙa'ida, a littafinsa na 1979, inda ya ce lalle labarin ya ginu a kan baƙon abu guda, na'ura ce ko halitta ko tsarin mulki, wanda zai sake duniyar labarin ta hanyar da hankali zai iya bi daki-daki, har mai karatu ya waiwayi tasa duniyar ya gan ta baƙuwa.

Sai dai ƙa'idar tana da rauni, kuma marubuci H. G. Wells ne shaida. Na'urar ratsa zamani da ya ƙaga a littafinsa na 1895 ta fi kusa da mustahili, amma da yake ya kafa mata muƙaddima irin ta masu ilmi, ya lissafa lokaci a matsayin na huɗu bayan tsawo da faɗi da kauri, sa'an nan ya yi amfani da ita ya nuna inda rabuwar talaka da mai dukiya a Ingila za ta kai 'yan Adam, ba a taɓa fitar da littafin daga wannan fanni ba. A ganina, abin da ake nema shi ne ladabin kafa hujja, ko da hujjar ba ta tabbata ba. Da wannan ma'auni ya kamata a auna *Tauraruwa Mai Wutsiya* na Umaru Dembo, wanda ya fito a 1969, shekarar da mutum ya taka wata.