Illar Yawan Zama ga Lafiyar Ɗan Adam

Duk wanda ya bi babbar hanyar da ta taso daga Dogon Dutsi ta ratsa Ɗan Kassari ta nufi Birnin Ƙonni, ya ga manomi ya yi sammako ya wuni tsaye cikin hatsi da wake, ya ga mata suna jan wasaki a rijiya mai zurfi kafin su koma ga sussuka da surfe da daka, in aka ce masa rashin motsa jiki yana cikin manyan musabbaban mutuwa a duniyar yau, ba mamaki ya ɗauka zancen mutanen Turai ne. Alhali kuwa cutar ta riga ta iso ƙasar Arewa, sai dai ta fara da waɗanda muke yi wa kallon sun huta.

Malamai sun daɗe da fahimtar al'amarin. Ibnu Khaldun, cikin Muƙaddimarsa ta shekarar 1377, ya lura cewa mutanen birni sun fi mutanen ƙauye bukatar likita, domin abincinsu ya yawaita, iskarsu ta gurɓata, motsin jikinsu kuwa ya ƙaranta. Hujjar lissafi ta zo a 1953, sa'ad da likita Jeremy Morris ya binciki ma'aikatan motocin haya masu bene na birnin Landan, ya tarar direbobi, da ke wuni a kujera, sun fi kamuwa da ciwon zuciya bisa ga yaran mota masu hawa da sauka suna karɓar kuɗi, ko da yake mota ɗaya ta haɗa su. A 2012 mujallar Lancet ta ƙiyasta cewa rashin motsi ya yi sanadin mutuwar mutum miliyan 5.3 cikin shekarar 2008 kaɗai. Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta bayyana cewa a 2022 kashi 31 cikin ɗari na baligai, watau kimanin mutum biliyan 1.8, ba su kai gwargwadon motsin da ake bukata ba, mata sun fi maza yawa a ciki.

Hikimar da ke ƙarƙashin wannan a fili take. Tsokar jiki ita ce ke shanye mafi yawan sukarin da abinci ya zuba cikin jini, kuma tana yin haka da sauƙi matuƙar tana aiki. Idan aka bar ta kwance watanni da shekaru, sai ta daina amsa kiran sinadarin insulin yadda ya kamata, sukari ya taru, kitse ya kewaye hanji, jijiyoyin jini su ƙage, zuciya ta dinga turawa da ƙarfi, har wata rana a wayi gari dattijon da bai taɓa kwanciya ciwo ba ya faɗi ɓarin jikinsa ya shanye, jama'a kuwa su ce iska ce ta buge shi.

Su wane ne abin ya fi yi wa barazana a nan? Ɗan kasuwar da ke zaune cikin shago tun hantsi har isha'i, da ma'aikacin ofis, da ɗan kabu-kabu wanda ƙafarsa ba ta taɓa ƙasa sai don sauke fasinja, da samarin da, idan an gama kaka aka shiga rani, sukan zauna a fada suna shan shayi mai kaurin sukari, ido na kan salula. Abin da ya fi damuna shi ne mun mai da teɓa alamar arziki, mun mai da tafiyar ƙasa alamar talauci, har mai hali yana jin kunyar a gan shi ya taka zuwa kasuwa.

Kada a fahimce ni a karkace: injin niƙa da famfon tuka-tuka rahama ne ga matan da wahala ta tanƙwara bayansu, kuma aikin da ya wuce kima ga mai yunwa ko mai juna biyu cutarwa ne. Maganar tana kan wanda Allah Ya sauƙaƙa wa, domin jiki amana ne, kuma motsin da a da larura ke tilasta masa, yanzu wajibi ne ya neme shi da niyya.

Gwargwadon da Hukumar ta shata a 2020 bai fi ƙarfin kowa ba: minti 150 zuwa 300 a mako na motsi matsakaici, irin tafiyar da ke sa numfashi ya ɗan hau, yara kuwa sa'a guda kullum. Mai shago da ya ajiye babur ya taka zuwa masallaci sau biyar, ya ƙara da zagayen gona bayan la'asar, ya kusa cika nasa; yara a bar musu filin langa da kokawa da tamaula. Wanda ya haura shekara arba'in kuwa ya je asibiti a auna masa jini da sukari ko ba ya jin komai, gama hawan jini yakan shekara da shekaru a jiki ba tare da wata alama ba.