Warin baki: laifin harshe da ake ɗora wa ciki

Da asuba a jihar Maradi, daga Cadawa zuwa Agye da Gazawa, ko can yamma a Tibirin Gobir da Gidan Rumji, abin da ake fara gani a ƙofar masallaci shi ne maza da asawaki a baki. Wani a wurin ɗan koli ya saya, wani reshen bedi ya karya a hanya. Haƙora na shan guga har su yi fari fat. Harshe kuwa, da ke kwance a tsakaninsu, ba kasafai ake kai masa ba.

A nan gizo ke saƙar. Idan baki ya yi wari, mutane sukan ce daga ciki yake tasowa, sai a shiga neman jiƙo da sassaƙe. Amma binciken likitocin haƙori ya nuna cewa cikin masu wannan matsala goma, takwas zuwa tara a cikin baki abin yake, kuma babban mazauninsa can ƙuryar harshe ne, kusa da maƙogwaro.

Saman harshe ba sumul yake ba. Cike yake da ƙananan tsirai da kwaruruka, kamar fuskar tawul. A cikinsu ne ragowar furar dare da nono, ɓurɓushin kilishi, majinar da ke gangarowa daga hanci da matacciyar fatar baki suke maƙalewa, su zama farin dattin nan da ake gani a madubi. Ƙarƙashinsa akwai ƙwayoyin bakteriya da ba sa son iska. Suna cin wannan datti, suna fitar da iskar da ke ɗauke da farar wuta, irin wadda ke tashi daga ruɓaɓɓen ƙwai. Joseph Tonzetich na Jami'ar British Columbia a Kanada ne ya auna wannan iska a numfashin mutane tun farkon shekarun 1970.

Miyau ke wanke baki dare da rana. Da ya ragu, ƙwayoyin sun samu fili. Shi ya sa warin ya fi ƙarfi da sassafe, da lokacin azumi, da kwanakin hunturu sa'ad da mura ke sa a kwana baki buɗe, da kuma wunin manomi a gonar hatsi ba tare da isasshen ruwa ba.

Gyaran ba ya cin ko dala. A zaro harshe, a ɗora asawaki mai laushin kai, ko buroshi, ko bayan ƙaramin cokali mai tsabta a kife, a jawo daga baya zuwa gaba a hankali sau uku ko huɗu, ana wankewa. Idan amai na tasowa, a fara daga tsakiya, kullum a ɗan ƙara matsawa. Ganin jini alama ce an danna da ƙarfi. Malaman yankin ma sun san zancen, domin Buhari da Muslim sun kawo ruwayar Abu Musa Al-Ash'ari, wanda ya tarar da Manzon Allah (SAW) da asawaki a kan harshensa.

Sai dai aikin na kullum ne, don dattin kan dawo cikin awoyi. Ba ya kuma maye gurbin goge haƙora da sakace. Warin albasa da tafarnuwa ta jini yake bi ya fito ta huhu, kankare harshe ba ya kai gare shi. Goro da alewar minti rufe warin kawai suke yi na ɗan lokaci. Wanda ya yi mako biyu yana tsabtace harshe abin bai canza ba, to, a duba masa kogon haƙori, ciwon dasashi, ciwon hanci ko ciwon sukari.

Ga ƙananan yara kuwa, maganar ta wuce jin kunya a cikin taro. A jihar Maradi, inda tamowa ke kama yara da yawa kafin kaka, ɗoyin baki tare da dasashi mai jini yana iya zama farkon noma, cutar da ke cinye kunci da leɓe cikin ƴan kwanaki. Ta fi kama ƴan shekara 2 zuwa 6, musamman waɗanda suka tashi daga ƙyanda ko zazzaɓin cizon sauro. A Sakkwato akwai asibiti guda da aka buɗe dominta a 1999, kuma a Disambar 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ta cikin jerin cututtukan da aka yi sakaci da su.

Idan aka kama ta da wuri, magungunan kashe ƙwayoyin cuta, wanke baki da abinci mai gina jiki suna tsayar da ita. Uwar da ta ɗaga leɓen ɗanta a wani ƙauyen Gangara ta ga jini, ta ji ɗoyi, ko ta lura kunci ya fara kumbura, gidan likita mafi kusa ya kamata ta nufa a ranar, ba sai ranar kasuwa ba.