Haɗa Kwamfutar Wasa A Zariya: A Fara Duba Wuta Kafin Katin Hoto

Duk matashin da ya tunkare ni da zancen haɗa kwamfutar wasa, daga Muchiya har zuwa ɗakunan ɗalibai a Samaru, tambayarsa ɗaya ce: wane katin hoto zan saya? Alal haƙiƙa, tambayar tana da muhimmanci, domin katin ne ke zana duk abin da ido ke gani a fuskar kwamfuta, kuma shi ne ya fi cin kuɗi. Sai dai a ganina, a Zariya ba daga nan ya kamata a fara ba.

Abin da ya fi kashe kwamfuta a garin nan wutar lantarki ce. Ta tafi ba sallama, ta dawo da ƙarfin da ya wuce kima, wani lokacin kuma ta zo a raunane. Akwatin da ke karɓar wannan wuta ya rarraba ta ga sauran sassa shi ne mutane suka fi rainawa, sai ka ga an kashe dubban ɗaruruwa a kan kati, an sayi akwatin wuta mara suna don rage kuɗi. Idan ya ƙone, ba koyaushe yake tafiya shi kaɗai ba, yakan ja babban allo ko katin. Don haka a nemi mai shaidar 80 Plus daga kamfanin da aka sani, a haɗa shi da sitabilaiza da UPS.

Mai karatu ya dubi lissafin nan. Katin RTX 4090 na kamfanin Nvidia yana iya jan wat 450, alhali RTX 4060 wat 115 ya ishe shi. Ga mai dogaro da janareta ko hasken rana, wannan bambanci ba ƙarami ba ne, balle tun da aka ɗaga kuɗin wuta na rukunin A zuwa naira 225 kan kowane yunit a watan Afrilun 2024. Ƙari kuma, duk wutar da kati ya sha zafi take komawa, ga zafin bazara, ga ƙurar hunturu mai toshe fanka. Gidan kwamfuta mai wadatar iska da matatar ƙura ya fi mai gilashi da fitilu masu launi amfani a nan.

Batun ƙwaƙwalwar kwamfuta bai da wahala: a tabbata ta dace da mazauninta a kan allo. Tsarin AM5 na kamfanin AMD, wanda ya fito a 2022, ba ya karɓar tsohuwar RAM ta DDR4.

Sai kayan gwanjo. Bayan da aka daina haƙar kuɗin Ethereum da katin hoto a Satumbar 2022, katunan da suka yi shekaru suna aiki dare da rana sun kwararo kasuwa. Wanda zai saya a Sabon Gari, ko ya yi oda daga Kano ko Ikeja, ya nemi a kunna masa wasa mai nauyi na rabin sa'a a gabansa, yana kallon ma'aunin zafi, kafin ya ƙirga kuɗi.