TOBE, BARAN DA YA FITA TA ƘOFAR BAYA

A cikin watan Afrilu na 1930 wata mujalla ta Amurka mai suna Forum ta buga wani gajeren labari na William Faulkner, mutumin jihar Mississippi wanda daga baya ya sami kyautar Nobel ta 1949. Sunan labarin A Rose for Emily. Har yau ana karanta shi a makarantun Amurka, kuma galibin masu karatu Emily suke tunawa. Amma akwai wani mutum a gidan wanda sau ɗaya tak aka kira sunansa, bai kuma ce uffan ba daga farkon labarin har ƙarshe. Shi ne Tobe, baƙar fata, kukun gidan kuma mai kula da lambu.

Ga yadda abin yake a taƙaice. Emily Grierson ɗiyar babban gida ce a wani gari da Faulkner ya ƙaga, ya sa masa suna Jefferson. Ubanta ya kori duk samarin da suka zo nemanta, ya mutu ya bar ta da gida ba kuɗi. Sai ga wani baƙo daga arewacin ƙasar, Homer Barron, shugaban leburori masu daɓe hanyar ƙafa a gefen titi, suka shiga yawo tare har gari ya ɗauka. Ana nan Emily ta je kantin magani ta sayi guba, aka rubuta a jikin kwalin wai ta ɓeraye ce. Wata rana da magariba wani maƙwabci ya hangi Tobe ya buɗe wa Homer ƙofar kicin. Daga ranar ba wanda ya ƙara ganin Homer.

Ba a daɗe ba wari ya tashi daga gidan. To, a nan ne mai karatu zai lura da inda gari ya fara kai zarginsa. Matan gari suka ce ai dama namiji bai iya tsabtace kicin ba. Alƙali Stevens kuwa, tsoho mai shekara 80, ya ce watakila maciji ne ko ɓera baran nan ya kashe a tsakar gida. Ba wanda ya iya tunkarar Emily, domin a ganinsu abin kunya ne a dubi mace mai daraja a ce gidanta yana wari. Sai mutum huɗu suka lallaɓa da tsakar dare suka barbaɗa farar ƙasa a gindin gini. Bayan mako ɗaya ko biyu warin ya tafi, magana ta mutu.

Daga nan gari bai ƙara ganin Tobe ba sai da kwandon cefane. Ya fara wannan zirga-zirga yana saurayi, aka bi shi da ido har ya yi furfura ya ranƙwafa. Mutane sun yi ta bugun cikinsa har suka gaji suka bari. Ba ya magana da kowa, har muryarsa ta dushe don rashin amfani. Shekara goma na ƙarshe shi kaɗai ya san abin da ke cikin gidan.

Masu sharhi da yawa sun kira wannan amana. Ana iya cewa haka, gama ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Amma fa sai an dubi wurin da zamanin. An soke bauta a Amurka a 1865, duk da haka a 1890 Mississippi ta yi sabon tsarin mulki da ya hana yawancin baƙaƙe jefa ƙuri'a, ta hanyar harajin zaɓe da jarrabawar karatu. A kisan gilla da gungun fararen fata kan yi wa baƙi ba tare da shari'a ba kuwa, ba jihar da ta kai ta yawa. Faulkner da kansa ya nuna irin garin: magajin garin da ya yafe wa Emily haraji a 1894, Kanar Sartoris, shi ne ya kafa dokar cewa kada baƙar mace ta fito titi ba ta ɗaura ƙyallen aiki a gabanta ba. A irin wannan gari, wa Tobe zai je ya gaya wa cewa uwar ɗakinsa ta kashe Bature? Kuma wane ne aka gani ya buɗe wa mamacin ƙofa? Wane ne ke dafa abincin gidan da aka kawo guba? Baki shi ke yanka wuya. Duk wanda ya taɓa gadi ko aikin boyi a gidan wani a garin da ba nasu ba ya san cewa in abu ya ɓace, shi ake fara dubawa.

Abin da kan sami baƙar fata in ya ba da shaida ba tatsuniya ba ne. A 1955, shekara 25 bayan fitowar labarin, wasu fararen fata suka sace wani yaro ɗan shekara 14 mai suna Emmett Till a Mississippi suka kashe shi. Dattijon da yaron ya sauka a gidansa, Moses Wright, ya tashi a kotu ya nuna su da yatsa. Masu taya alƙali yanke hukunci, duka farare, suka sallame su. Shi kuwa dattijon sai da ya bar jihar ya koma Chicago.

Faulkner bai faɗi ko Tobe ya taimaka wajen kisan ba, bai ma faɗi ko ana biyansa albashi ba. Labarin daga bakin mutanen gari ya fito, su kuwa ba su taɓa ɗaukarsa mutumin da ke da nasa labari ba. Amma da wuya a ce wanda ya zauna cikin wannan wari bai san tushensa ba.

Emily ta rasu tana da shekara 74, a wani ɗaki na ƙasa. Da matan gari suka zo gaisuwa, suna raɗa suna leƙe-leƙe, Tobe ne ya buɗe musu ƙofar gaba. Sai ya ratsa ta cikin gidan, ya fita ta ƙofar baya, ba a sake ganinsa ba. Bai tsaya jana'iza ba. Sai da aka binne ta sannan aka fasa wani ɗaki a saman bene wanda shekara 40 ba wanda ya leƙa. A kan gado aka tarar da abin da ya rage na Homer Barron, a kan matashin da ke kusa da nasa kuma ga gurbin kai da dogon silin furfura.