Ranar da katangar Safari ta tsage, shafuka suka riƙa leƙen juna

Duk mai buɗe shafuka da yawa a wayarsa, ga Gmail, ga YouTube, ga shafin banki, yana dogara ne da wata ƙa'ida da ba ya gani: kowane shafi da ɗakinsa, babu mai leƙa ajiyar wani. Manhajar buɗe shafukan intanet, wato burauza, ita ce mai gadin wannan katanga.

Ranar 14 ga Janairun 2022 kamfanin FingerprintJS ya bayyana cewa katangar ta tsage a Safari 15, burauzar Apple. Matsalar tana cikin IndexedDB, rumbun da shafuka ke ajiye bayanai a cikin waya ko kwamfuta. Da zarar wani shafi ya buɗe rumbunsa, sai fankon rumbu mai suna iri ɗaya ya bayyana a sauran shafukan da ke buɗe. Kayan ciki ba su fita ba, suna kaɗai ya fita.

Sai dai sunan ya isa ya tona asiri. Wasu shafukan Google, irin su YouTube, suna saka lambar shaidar mai asusu a cikin sunan rumbun, kuma da lambar ana iya samo hoton da ya ɗora a asusunsa. Ke nan mugun shafi zai iya sanin inda kake shiga, ya kuma gane ko kai wane ne, ba tare da ka latsa komai ba.

Masu iPhone da iPad ba su da mafita a lokacin, domin ko Chrome suka koma, injin WebKit na Apple ne ke aiki a ƙarƙashinsa. Tun 28 ga Nuwamban 2021 aka sanar da masu kula da WebKit, amma gyaran bai fito ba sai 26 ga Janairun 2022, cikin iOS 15.3.

Gyara dai sai wanda ya sauke shi yake amfana. IPhone ta hannu da aka saya a kasuwa, ko wadda ɗan uwa ya aiko daga waje, tana iya zama kan tsohon tsari idan mai ita yana ɗage sabuntawa don tsoron ƙarewar kuɗin intanet. Dubawa ba ta da wuya: a shiga Réglages, sai Général, sai Mise à jour logicielle. Idan waya tana kan iOS 15 amma ba ta kai 15.3 ba, tsagar na nan, a nemi wurin da ke da wifi a sabunta.