Zaɓen Injin Noma Mai Sauƙin Kuɗi Don Babbar Gona a Ƙasar Tasawa da Mayahi

Gundumomin Tasawa da Mayahi, waɗanda ke gabas da kuma arewa maso gabashin birnin Maraɗi, suna cikin yankunan karkarar Nijar da suka fi cikar jama'a, domin ƙidayar shekarar 2012 ta nuna kowace daga cikinsu tana da mutane fiye da 500,000, kuma akasarinsu da noman hatsi da dawa da wake da gyaɗa da riɗi suke rayuwa. Damina a wannan yanki gajeriya ce, ba ta cika wuce wata uku zuwa huɗu ba, saboda haka aikin da ya fi matsa wa magidanci shi ne noman fari, wato kashe hakin da ke tasowa tare da shuka a makonnin farko, wanda in aka yi jinkirinsa ƙarangiya da burburwa kan shanye ɗan ruwan da ya sauka kafin hatsi ya kafa jijiya. A da, gandu da gayya ne ke ɗauke wannan nauyi, amma yanzu da samari da yawa ke tafiya ci-rani Nijeriya da Libiya da wuraren haƙar zinariya na arewa, kuma ladan 'yan ƙwadago ke hauhawa daidai lokacin da kowa ke nemansu, mai babbar gona ya fara tunanin sayen injin da zai hau ya yi aikin mutane da yawa shi kaɗai.

Wajibi ne a fara da bambance wannan buƙata da ta masu manyan gidaje a Amurka da Turai, waɗanda ke sayen ƙaramin injin hawa mai wuƙaƙe a ƙarƙashinsa don aske ciyawar ado. Irin wannan inji yana son fili mai laushi wanda ba kututture ba rami, cikinsa yana dab da ƙasa, kuma yana daddatsa ciyawa ne ya watsar. A ƙasar Tasawa da Mayahi kuwa ciyawa dukiya ce, ana yankan ta da lauje a shanya a ɗaure a kai kasuwa, kamar yadda ake yi da harawa da kara, don haka injin da ke niƙe ta a fili asara yake jawowa. Abin da ya dace a tattauna a nan shi ne injin da ke jan garma ko mashukiya ko hauya.

Kafin a tambayi farashi, ƙasar gonar ce ya kamata a duba, domin ita ke fayyace irin ƙarfin da ake buƙata. Manoman jihar Maraɗi sun daɗe da raba ƙasa gida uku: jigawa, wato rairayi mai sauƙin aiki wanda ya mamaye mafi yawan gonakin yankin, geza, mai tauri wadda ke ƙeƙashewa bayan ruwa, da kuma fadama, mai laka da danshi, irin wadda ake samu jefi-jefi a kwaruruka kamar na Gulbin Kaba da ya ratsa ƙasar Mayahi. A jigawa ba a buƙatar huɗa mai zurfi, shi ya sa hauya ta tsaye, mai doguwar ƙota da baki kamar jinjirin wata, ta zama makamin manomin arewacin yankin, tunda tana yanke jijiyar haki a ƙarƙashin ƙasa kaɗan ba tare da ta juye ta ba. Babbar tarakta mai faifan garma, in aka sa ta a irin wannan ƙasa shekara bayan shekara, tana farfasa ta ta bar ta tsirara, sai iskar da ke gabatar ruwan farko ta kwashe saman da ke ɗauke da taki, ta kuma binne shukar da ta tsiro. Wannan illa ba ta bayyana a shekarar farko, kuma shi ya sa mutane da yawa ba sa danganta raguwar damma da injin da suka yi murnar samu. A geza ne huɗa ke da fa'ida a fili, domin tana buɗe ƙasa ruwa ya shige maimakon ya kwarare.

Injunan da ƙarfin matsakaicin manomi ko ɗan kasuwa zai iya kaiwa gare su iri biyu ne. Na farko shi ne ƙaramar tarakta mai taya biyu, wadda ake kira motokultar, akasari ƙirar Sin ko Indiya, mai ƙarfin doki 12 zuwa 18, wadda ake bin ta a baya ana riƙe da hannuwanta ko kuma a maƙala mata kujera ko amalanke a hau. Na biyu shi ne ƙaramar tarakta mai taya huɗu, mai ƙarfin doki 25 zuwa 50, wadda kuɗinta ya ninka na farko sau da yawa. Ƙarfin doki ma'auni ne na aikin inji, kowane ɗaya yana daidai da wat 746, sai dai adadin da aka rubuta a jikin inji ba shi ne ke isa ga bakin garma ba, musamman a rairayi inda taya ke sulɓewa tana haƙa rami a wuri ɗaya. Akwai lissafi mai sauƙi da kowane mai saye zai iya yi da kansa: hekta ɗaya murabba'in mita 10,000 ce, don haka injin da faɗin aikinsa mita ɗaya ne, yana kuma tafiyar kilomita 3 a awa, zai gama murabba'in mita 3,000 a awa guda, wato hekta ɗaya a awa uku da minti ashirin, kuma in aka haɗa da juyawa a bakin gona da tsayawa don cire haki daga baki, sai a ƙiyasta awa huɗu zuwa biyar. Inji mai ƙarfin doki 12 yana shan gazuwal lita 2 zuwa 3 a awa idan yana jan nauyi sosai. Da waɗannan alƙaluma biyu mutum zai san kwana nawa gonarsa za ta ci da kuma man da kowace hekta za ta sha, ya kwatanta da abin da yake biyan 'yan ƙwadago ko mai shanun haya.

Akwai sharaɗin da ake yawan mantawa, wato inji ba ya noma gonar da ba a shuka a layi ba. Shukar sungumi da aka yi da ido, wadda ramukanta ke karkacewa, da kuma wake da ke yaɗo tsakanin hatsi, suna hana kowane irin inji ratsawa. Wanda ya yi niyyar noma da inji dole ne ya ja igiya tun ranar shuka, ya bar tazarar kimanin mita ɗaya tsakanin layuka, kuma ya sani cewa a lokacin maimai, sa'ad da hatsi ya yi tsawo, tarakta mai taya huɗu ba za ta iya shiga ba sai ta karya kara.

Hausawa sun ce araha ba ta ado, kuma a harkar inji tsadar gaske tana bayyana ne ranar da ya tsaya a tsakiyar watan Yuli. Abin da ya fi sunan kamfani muhimmanci shi ne ko akwai bakaniken da ya san cikinsa a Tasawa ko Mayahi, ko aƙalla a Maraɗi, da kuma ko ana samun bel da fisto da bakin feshin mai da matatar mai a kasuwa ta kusa. A nan motokultar mai silinda ɗaya tana da rinjaye, domin injinta ɗan uwan injin niƙa ne da ake gani a kusan kowane gari daga Ƙorgom zuwa Kanambakashe, kuma masu gyaransa suna da yawa. Kayan gyara da dama ta Kano da Katsina suke shigowa, kuma rufe iyakar da Nijeriya ta yi daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, da wanda ya biyo bayan Yulin 2023, sun nuna yadda ɗan ƙaramin ƙarfe kan gagara samuwa na tsawon watanni. Cire tallafin fetur a Nijeriya a watan Mayun 2023 shi ma ya kawo ƙarshen arahar man bumburutu da aka saba da ita a garuruwan kan iyaka, wanda hakan ya ƙara wa inji mai gazuwal daraja a kan mai fetur. Sai kuma ƙura, wadda ita ce babbar mai kashe inji a Sahel: matatar iska mai wankan mai, wadda ake wankewa a sake zuba mata mai, ta fi ta takarda dacewa da ƙauyen da ke nesa da shago.

Wanda zai sayi na hannu ya tafi da bakanikensa, ya nemi a tada injin da safe yana sanyi, domin inji mai rauni kan ɓoye aibinsa in ya yi zafi. Shuɗin hayaƙi alama ce ta cin baƙin mai, farin da ba ya yankewa kuma yana iya nuna ruwa na shiga inda ba a so. A gwada shi a gona da garma a ƙasa, a kuma ƙidaya kayan haɗin da ya zo da su, tunda sabon fenti ba ya jan garma.

Batun itatuwa ya cancanci kulawa ta musamman. Tun daga 1983, lokacin da Tony Rinaudo, ɗan Ostareliya da ke aiki da ƙungiyar SIM a Maraɗi, ya fara ƙarfafa manoma su riƙa barin tohon kututture suna gyara shi, sassaben zamani ya yaɗu har aka ƙiyasta ya farfaɗo da kimanin hekta miliyan 5 a Nijar. Gawo da kalgo da sabara da ke gonakin yankin, da gorubar Gulbin Kaba wadda kabarta ke ciyar da masu saƙar tabarma da igiya, su ne ke tare iska, su ba da taki da itacen girki da abincin dabbobi. Direban tarakta na haya, wanda ake biya bisa faɗin da ya gama, yana ganin kowane toho a matsayin cikas, kuma faifan garma yana tsinke shi a wucewa ɗaya. Abin takaici ne ƙwarai a rushe aikin shekara arba'in don a rage aikin mako guda. Ƙaramin inji mai iya kewaye itace ya fi dacewa da irin waɗannan gonaki, kuma duk injin da sai an sare gawo kafin ya yi aiki bai dace da gonar ba.

Saboda waɗannan dalilai, mafi yawan masu gonakin jigawa za su fi samun biyan buƙata daga dabba. Bijimai biyu da garmar noma, ko jaki da hauyar HATA, wadda masu bincike na Jami'ar Hohenheim ta Jamus suka ƙera a Nijar ta hanyar jera bakunan hauya ta tsaye a kan ƙarfe guda don jaki ya ja, suna rage kwanakin noma sosai, maƙerin gari yana iya gyara su, ga taki, ga jan amalanke da rani. Bijimin da aka yi wa kiwo mai kyau ana sayar da shi da riba bayan 'yan shekaru, alhali inji tun daga ranar da aka saye shi darajarsa ke raguwa. Nauyin dabba shi ne ciyarwa a watannin Afrilu da Mayu, lokacin da abinci ya yi ƙaranci kuma ake buƙatar ta shiga damina da ƙarfinta.

Inji yana mayar da kuɗinsa ne idan yana da aiki bayan damina, domin noman gona ɗaya ba ya wuce 'yan makonni a shekara. Motokultar da ke jan amalanken taki da damma da bulo, tana juya injin sussuka ko na niƙa kara don abincin dabbobi, tana kuma jan ruwa a lambu, ita ce za ta biya bashinta. Wannan ne ya sa sayen haɗin gwiwa ta ƙungiyar manoma, da direba ɗaya sananne da littafin shiga da fita da asusun gyara, ya fi sayen mutum ɗaya tabbas. Tsarin gidan manomi da aka ɓullo da shi ƙarƙashin shirin gwamnati na 3N na 2012 ya tanadi sashen gyara da hayar kayan noma a matakin ƙaramar hukuma, bankin BAGRI yana ba da rancen noma tun 2011, kuma cibiyar binciken noma ta INRAN da ke Tarna da zauren manoma na jihar Maraɗi wurare ne da ake iya neman shawara kafin a fitar da kuɗi. Mai gona a Tasawa ko Mayahi da ke da niyyar saye ya fara ɗaukar hayar irin injin da yake so na damina ɗaya, ya rubuta man da ya sha da awannin da ya yi da abin da ya lalace, sannan ya yanke shawara da kaka, lokacin da ba ya cikin matsin haki.