Hawan Sallah Ba Ranar Sallah Ake Koyonsa Ba: Jan Hankali Ga Matasan Gaya Da Ajingi

Tsakanin Ƙaramar Sallah da Babbar Sallah kimanin kwana 70 ne kacal, amma daga Babbar Sallah zuwa Ƙaramar Sallah ta gaba sai an shafe wata 9 da kwana 20. A tsawon waɗannan watanni, da yawa daga cikin samarin da ake gani sun sha ado a bayan hakimai da dagatai ko ragamar doki ba sa taɓawa. Wani yana Kano yana jan Adaidaita Sahu, wani yana karatu a jami'ar Wudil, wani ya tafi cin rani Legas ko Abuja. Sallah na matsowa sai a nemo doki na aro ko na haya, a ciro rawani da alkyabba daga adaka, a ɗare. Nan ne mafarin karayar ƙafa, gocewar kafaɗa da buguwar kai da ke mayar da murnar gida jinya.

Ƙasar Gaya ba baƙuwar doki ba ce. Gari ne da tarihin baka ya ce daga cikinsa maƙeran da ake kira Abagayawa suka tashi suka zauna a gindin Dala. A 2019 gwamnatin Abdullahi Umar Ganduje ta ɗaga Gaya zuwa masarauta mai cin gashin kanta, a 2024 kuma gwamnatin Abba Kabir Yusuf ta sake fasalin masarautun, Gaya ta zama mai daraja ta biyu, da ƙananan hukumomin Gaya, Ajingi da Albasu a ƙarƙashinta. A Disamban 2024 ne hukumar UNESCO ta sa hawan Sallar Kano cikin jerin al'adun gado na duniya. Sha'awar hawa ta ƙaru a zukatan matasa, sai dai damar yinsa ta yi ta yankewa. Annobar korona ta hana hawa a 2020, sannan a 2024 da 2025 rundunar 'yan sanda ta dakatar da hawan Sallah a jihar saboda dalilan tsaro. Ashe ke nan akwai waɗanda rabonsu da sirdi ya wuce shekara nesa ba kusa ba, kuma a ransu gani suke har yanzu gwanaye ne.

Abin da jiki ke mantawa

Wanda ya taɓa iya hawa, kansa ba ya manta yadda ake riƙe linzami. Cinya da ƙugu da gadon baya ne ke mantawa. Mahayi da cinyoyinsa yake manne wa doki, da ƙugunsa yake bin motsinsa, kuma waɗannan jijiyoyi makonni kaɗan na zaman banza sun isa su sa su saki. Shi ya sa za ka ga saurayi ya yi kyau a kan doki muddin ana taƙama a hankali, amma da zarar an harba bindiga doki ya zabura, sai ka ga ƙafarsa ta zurma cikin likkafa har dunduniya, jikinsa ya karkata gefe guda, hannunsa ya fizgi linzami da ƙarfin tsiya don neman abin riƙewa. Linzaminmu na gargajiya kuwa mai zafi ne a bakin doki. Fizga ɗaya ta rashin sani na iya sa shi ya yi tabarya, ya miƙe da ƙafafun baya, wani lokaci har ya faɗo a kan mahayin. Dabba ce da nauyinta ya haura kilo 300, kuma a sukuwa takan kai gudun kilomita 40 a sa'a.

Matsalar ba tamu ce mu kaɗai ba. Turawan da ke zuwa tsaunukan Faransa da Suwizalan sau ɗaya a shekara don wasan zamiya a kan dusar ƙanƙara, alhali garuruwansu ba ta zuba, su ma da ita suke fama. Maganin da suka samo shi ne kada su zauna jiran lokacin tafiya. Suna motsa ƙafafu duk shekara, suna zuwa filayen gwaji da aka shimfiɗa wa wani abu mai santsi, har a Dubai da ke tsakiyar hamada an buɗe irin wannan fili mai ƙanƙarar inji a cikin gini tun 2005. Mu da doki ke turke a unguwanninmu da ƙauyukanmu mun fi su sauƙin samun wurin gwaji.

Idan babu doki a gidanku

Rashin doki ba uzuri ba ne. Akwai abin da kowa zai iya yi a tsakar gida ba tare da kashe ko sisi ba. Ka riƙa tsugunawa kana miƙewa sau 15 zuwa 20, ka huta, ka maimaita. Ka jingina bayanka da bango kamar mai zaune a kujera alhali babu kujerar, ka daure na minti ɗaya. Ka tsaya da ƙafa ɗaya, sannan ka sauya, don jiki ya saba da daidaita kansa. Ka sa dunƙulen tsumma ko ƙwallo tsakanin gwiwoyinka ka matse, domin jijiyoyin cikin cinya su ne madogarar mahayi. Tuƙa keke da tafiyar ƙafa mai nisa suna ƙara numfashi. Kwana uku a mako ya wadatar, in dai ba a yanke ba.

Duk da haka, babu abin da zai maye gurbin doki. Ka je gidan wanda yake da shi, ka roƙi arziƙin taya shi aiki: share barga, ɗebo ruwa, yanko ciyawa, wanke dokin. Ko sau biyu a wata ka samu ka hau, ya fi ka jira shekara. Kilisa ta gaskiya ita ce fita da doki da sassafe ko da la'asar sakaliya zuwa fili ko hanyar gona, a fara da tafiya, a koma sassarfa, sai an zauna daram kafin a taɓa sukuwa. Ba ita ce ta tsere a kan kwalta cikin mutane ranar biki ba, wadda 'yan sanda suka sha jan kunne a kanta. Kuma a nemi dattijon mahayi ya tsaya yana kallo, domin mutum ba ya ganin zamansa a kan sirdi.

Lokacin fara shirin ma abin lura ne. Watan ƙarshe kafin Ƙaramar Sallah azumi ne, ga shi a shekarun nan Sallolin suna faɗowa ne a bazara, lokacin da zafi a ƙasar Kano kan kai maki 40. Wanda ya bari sai goman ƙarshe ya makara, ba a fafe gora ranar tafiya. A fara tun Rajab da Sha'aban, in azumi ya kama a rage, a mayar da shi bayan shan ruwa.

Shi ma dokin yana da hakki

Dokin da ya yi watanni a ɗaure a turke, shi ma jikinsa ya mutu. Kuskuren da aka fi yi shi ne a bar shi da ƙaiƙayi da 'yar harawa duk shekara, sai ana saura mako guda a cika masa gero da dusa wai don ya yi ƙiba da ƙarfi. Canjin abinci farat ɗaya na jawo masa murɗar ciki, ga shi doki ba ya iya amai, don haka abin kan kai ga halaka. Yawan hatsi kwatsam yana kuma kumbura masa cikin kofato har ya kasa taka ƙasa. Wanda ya tsira daga waɗannan kuwa yakan fito da zafin kai irin na dabbar da ta ƙoshi ba ta motsa ba, sai tutsu da harbi. A ƙara abinci kaɗan-kaɗan, a wadata shi da ruwa, a riƙa fita da shi na mako 6 zuwa 8 kafin hawa, a gyara masa kofato, a kira malamin dabbobi ya ba shi maganin tsutsar ciki. A kuma saba masa da ƙarar ganga da hayaniya tun daga nesa.

Wannan ba sabon ilmi ba ne. A cikin Sahihul Bukhari akwai ruwayar Abdullahi ɗan Umar cewa Annabi (SAW) ya shirya tseren dawakai, ya ba waɗanda aka hora tazara mai tsawo, waɗanda ba a hora ba kuma ya gajarta musu. Idan an bambanta wa doki gwargwadon shirinsa, to mahayi ma ya san iyakarsa.

Kafin ka sa ƙafa a likkafa

Kayan doki da suka kwana watanni a ɗaki, fatarsu kan bushe ta tsage, ɓera da gara kan yi musu ɓarna a inda ido ba ya kaiwa. Ka ɗauki majayin sirdi ka lanƙwasa shi a hannunka, ka duba wurin ɗinki. Ka ja igiyar likkafa da ƙarfi. In ka ga tsaga, a kai wa baduku tun da wuri, kada a ɗaure da leda ko tsumma. Bayan an ɗaura sirdi, a ja dokin ya ɗan taka, a sake tamke majayin, domin doki kan kumbura ciki lokacin ɗauri, in ya saki numfashi sai sirdi ya yi sako-sako. Tsinin ƙafa kawai ake sawa a likkafa, dunduniya na ƙasa, saboda mafi munin faɗuwa ita ce wadda ƙafa ta maƙale doki ya ja mutum a ƙasa. Kada a zagayo wa doki ta baya ba tare da ya ji murya ba, don ba ya ganin abin da ke daidai bayansa. A wurin gwaji a sa hular kwano, ba abin kunya ba ne, mayaƙan da muke kwaikwayo ma da kwalkwali suke fita. Wanda kuma ya sha ƙwaya don cire tsoro, ya cire hankalin da zai tsare shi ne, ya jefa 'yan kallo cikin haɗari.

Jahi, wato sukuwar da ake yi a ja linzami a yi zamiya a gaban sarki, aikin gwanaye ne. Tsayawar doki cak ita ce ke wurgo mutum ta ka. Haka ta faru da Christopher Reeve, ɗan wasan fim na Amurka da ya fito a matsayin Superman: a Mayun 1995 dokinsa ya tirje a gaban shinge, ya faɗo ya karye a wuya, bai sake tafiya da ƙafarsa ba har ya rasu a 2004. Ga shi kuwa ya daɗe yana hawa, kuma da hular kwano a kansa.

In tsautsayi ya auku

Kada a yi rububin ɗaga wanda ya faɗo, kada a girgiza shi ko a zaunar da shi. In yana kukan wuya ko baya, ko ya ce ba ya jin ƙafafunsa, a riƙe kansa kada ya motsa, a kwantar da shi a kan ƙyaure ko faffaɗan katako, a ɗauke shi a mota, ba a kan babur ba. Suma ko ta ɗan lokaci ce, amai, yawan barci, rikicewar magana, ko jini daga kunne, duk alamun buguwar ƙwaƙwalwa ne, ko da ya miƙe ya ce lafiyarsa ƙalau. A garzaya Babban Asibitin Gaya, in abin ya fi ƙarfinsu za su tura Asibitin Ƙashi na Dala ko Asibitin Koyarwa na Aminu Kano. Karaya a fara ɗaukar hotonta kafin a yi zancen ɗori. Raunin da ya taɓa ƙasar barga ko tsatsar likkafa kuwa yana buƙatar allurar tetanus, domin ƙwayar cutar da ke sandarar da jiki tana zama a kashin dabbobi.

Nauyin bai tsaya kan matasa kaɗai ba. Uba kada ya ɗora ƙaramin yaro a kan ingarma don a ɗauki hoto, sai da babba riƙe da ragama. Mai bayar da haya ya tambayi wanda ya zo yaushe rabonsa da hawa, ya ba shi doki daidai da shi. Hakimai da dagatai a Gaya, Ajingi da Albasu kuma suna iya ware fili da rana guda a wata don gwaji, su sa tsofaffin mahaya su tantance wanda zai shiga tawaga da wanda zai ƙara koyo. Wanda aka ce ya dakata bana kada ya ji haushi, da ƙafafunsa biyu zai hau baɗi. Allah Ya kai mu lafiya, Ya tsare mahaya da 'yan kallo.